Mai Jiran Na Baya

Ulfa na ɗiga wa Baba Zulkiflu ruwa a baki da cokali sai wayarsa ta yi ƙara a ƙarƙashin matashi. Sharifa ce, 'yarsa tilo, daga ɗan tsibirinsu can gabas. Kuka ya tarwatsa mata Turanci, amma Ulfa ta tsinci abin da ake ciki: damina ta kankama, teku ya fara hauka, jirgin fito na yau shi ne na ƙarshe sai ruwa ya lafa. Ga shi babur ya mace mata a hanya, lokacin tashin jirgi kuma ya yi.

Ulfa ta dubi tsohon. Asibiti sun sallamo shi, irin sallamar nan da ba a haɗa ta da magani. In jirgin nan ya tashi, uba da 'ya sai a lahira.

Ƙofarsa na kallon tasu a wani dogon bene na unguwar Pantai Dalam a Kuala Lumpur, inda mijinta Nata'ala ya kama musu gida kusa da jami'a. A faɗi gaskiya, da farko haushinsa take ji. Ka shiga lif kana sauri, sai tsohon ya tare ƙofa da hannu, ya leƙa baranda dama da hagu ko akwai mai tahowa, kamar lif ɗin gadon gidansu ne. Sarkin Jira ta sa masa, tana yi wa Nata'ala kwaikwayon leƙen har ya ƙware da shayi.

Bakinta ya mutu ranar da ta dawo daga kasuwar Chow Kit da tsohon ciki, ledoji na yankan yatsunta, ta hango lif zai rufe. Hannun nan ne ya tare ƙofar, mutanen ciki na ta tsaki, bai ko kula su ba. A ranar ya gaya mata cewa kafin ciwo ya kawo shi Kuala Lumpur, aikinsa kwance igiyar jirgin fito, tun yana saurayi har furfura. Duk yaron da ya koya wa aikin, darasin farko shi ne a waiwaya kafin a saki igiya.

"A nan in lif ya wuce wani zai zo," ya ce. "A wajenmu in jirgi ya bar mai naƙuda a gaɓa, ya bar ta ke nan."

Da ta haihu, ba uwa ba ƙanwa kusa, shi ya riƙa rataye mata romon kifi a hannun ƙofa kullum safe har ta yi arba'in. In ta yi godiya sai ya kaɗa hannu ya ce da yarensu, "Makan lah," wato ki ci kawai.

Yanzu ga shi ya buɗe ido yana tambayar waye a waya. Ulfa ta so ta yi masa ƙarya, ta kasa, ta faɗa masa komai. Bai firgita ba. Ya ce a tambayi Sharifa wa ke kan igiya yau. Aka ce Kalilu ne.

"Yarona ne," ya ce da ƙyar. "Ki ce ta yi ta gudu. Zai waiwaya."

Ulfa ta isar da saƙon ba don ta yarda ba. Jirgi guda da fasinjojinsa, ga hadari na haɗuwa, wa zai tsaya saboda mace ɗaya? Nata'ala ya zauna gefen katifa yana karanta Yasin, ita kuwa ta kasa zama, daga taga sai ƙofa.

Da wayar ta sake ƙara, rurin inji ta fara ji kafin muryar Sharifa mai haki. Ashe direban jirgi ya yi ta danna oda, fasinjoji na faɗa, Kalilu ya tsaya da igiya a hannu yana kallon hanya, ya ce shi bai gama dubawa ba. Can ya hango ta a guje, takalma a hannu. Ulfa ta durƙusa a wurin ta yi hamdala tana hawaye.

Motar safe ta sauke Sharifa. Uban ya gane ta, ya kira sunanta, ya tambayi lafiyar jirgi. Bayan azahar ya cika, hannunsa cikin nata.

Da Sharifa za ta koma ta rungume Ulfa tana ta godiya, har kunya ta kama Ulfa, don ta san waye ya fi cin moriyar wani a zaman nan.

Ran Juma'a ta fito da goyonta za ta sayo burodi. Lif ya zo ba kowa a ciki. Ta shiga, ƙofa ta fara rufewa, sai ta sa hannu ta tare, ta leƙa dama, ta leƙa hagu. Barandar shiru, sai takalman Baba Zulkiflu a jere a bakin ƙofarsa. Ta ɗan ƙara jira.