Gajeriyar Fanka

Shagona na Fagge, in na miƙa hannuwa biyu sai in taɓa bango da bango. Shi ya sa da na ajiye aikin tafireta a ma'aikata, shekarar da sojoji suka koma bariki, ban sayi doguwar kwamfuta irin ta banki ba. 'Yar shafaffiya na saya, mai kwanciya a kan tebur, na ɗora mata allonta a gadon baya. Celestine ne ya zaɓa mini ita, shi ya jera komai da hannunsa.

Celestine ba baƙo ba ne a gidanmu. Mahaifiyarsa ce telar innarmu tun ina goye. Da Babbar Sallah shi ke riga kowa zuwa bakin kaskon suya, ni kuwa Yaya nake ce masa har ya girma ya buɗe shagon gyaran kwamfuta a Sabon Gari.

Baffana Hamzat, mataimakin shugaban wata sakandare, shi ya tsaya mini aka ba ni buga takardun jarrabawar ƙarshen zango. Mutum ne da ba ya roƙon kowa alfarma, amma ya roƙa saboda ni.

"Muhibba, da sunana na karɓo miki," in ji shi. "Litinin da safe yara za su zauna."

Ina tsakiyar aikin fankar cikin injin ta fara kuka kamar injin markaɗe. Na naɗe shi a zane, na tari tasi sai Sabon Gari.

Celestine ya kwance murfin, ya kaɗa fankar da yatsa, ya ce, "Ƙanwata, wannan ta gama yawo. Ita ke fifita ƙwaƙwalwar injin, in ta tsaya komai ya dahu."

Ya zazzage mini kwali guda na fankoki. Na ɗauki wata ƙatuwa mai sheƙi, don ni a ganina babba ta fi iska. Ya yi dariya har da buga cinya.

"Ke da zaɓen miji ma haka za ki yi! Injinki ba shi da tsayi, wannan murfi ba zai rufu a kanta ba. Gajeriya za mu nema, mai faɗi, mai gindin jan ƙarfe, ita ke tsotse zafi."

Muka bi layin shago shago cikin rana, yana Ibo da wannan, yana Hausa da wancan. Sai can ƙarshen layi muka samu ɗaya tak a wurin wani dattijo. Celestine ya gwada tsayinta da ɗan yatsansa, ya hura ta, ta juya shiru. Ya ɗora mini ita a tafin hannu in ji nauyinta. Na ji daɗi har raina, na ce a zuciyata mai ɗan'uwa a Sabon Gari ya huta.

"Bar mini injin, gobe ki zo ki ɗauka a rufe."

Washegari na same shi a rufe kuwa, an goge shi tas. Na kai shago, na ɗora allo, sai na ga allon yana ɗan rangaji kamar tebur mai gajeriyar ƙafa. Na tura masa takarda a gindi na ci gaba da aiki. Babu ƙarar fanka ko kaɗan, har ina yabon Celestine.

Ranar Asabar da hantsi, ina kan tambayoyin lissafi, na ji ƙauri. Na leƙa waje ko mai gasa masara ce. Kafin in juyo allo ya yi baƙi.

Na ari sukundireba wurin maƙwabcina mai gyaran rediyo. Ina kwance ƙusa ta ƙarshe murfin ya yi tsalle da kansa. Ga ƙatuwar fankar nan mai sheƙi, wadda aka yi mini dariya a kanta, zaune daram. An danne ta da murfi da ƙarfin tsiya, nauyin allona ya ƙarasa maƙure ta, fukafukanta ko motsi ba su yi. Abin da ke ƙarƙashinta ya ƙone ƙurmus. Na zauna a ƙasa.

Na iske Celestine yana cin shinkafa a bakin shago. Na dire masa injin a gabansa, ban ko yi sallama ba.

"Ina fankata?"

Ya dubi injin, ya ajiye cokali. Bai yi musu ba, kuma wannan ya fi ƙona mini rai.

"Bayan tafiyarki yaran wani sabon kansila suka kawo irin injinki sak. Suka tsaya mini a ka, wai Honarabul na jira. Kin san yadda muke yi a layin nan, a ciri na wanda ya tafi a sallami wanda ke tsaye, in kaya sun zo a mayar. Na gwada babbar, tana juyawa. Na ce za ta kai ki Litinin."

"Da allo a kanta ka gwada? Kai fa ka ɗora mini allon nan da hannunka!"

Ya sa hannu yana murza goshi.

"Injina ne kaɗai a shagon? Ga can wani irinsa a kan kanta."

"Wancan na wani lauya ne, ban san halinsa ba. Zai iya kwaso mini 'yan sanda." Ya sassauta murya, har da ɗan murmushi, wai lallashina yake. "Ke ai ta gida ce, Muhibba. Da baƙuwa ce ke, wallahi ko ƙusa ɗaya ba zan taɓa ba."

Na tsaya ina kallonsa. Da ya ce mantuwa ce, ko ma ya yi mini ƙarya, da na sami abin riƙewa. Ashe zama ya yi ya duba duk masu injin da ke shagonsa, ya zaɓi wadda ba za ta iya yi masa komai ba.

Da yamma na je na gaya wa Baffa. Bai yi faɗa ba. Ya karɓi rubutun malamai, ya sa hula, ya fita neman mai tafireta da kansa, yana bin shagunan Titin Ibrahim Taiwo da furfurarsa. Bai sake kawo mini aiki ba, bai kuma sake tayar da zancen ba.

Ranar Litinin Celestine ya aiko a ce mini kaya sun iso, in kawo injin ya gyara kyauta. Na naɗe shi a zane na tafi Sabon Gari, na wuce ƙofarsa yana kirana, na shiga shagon da ke kallon nasa. Mai shagon, wani Ambrose, ya taso da fara'a.

"A'a, ba ke ce ƙanwar Celestine ba?"

"Ba ni ba ce," na ce. "Ba ka san ni ba, ban san ka ba. Buɗe shi a gabana, ina tsaye."