Bangon Dattawa

Ni ma na ɗaga hannu ranar, kada wani ya ɗauka na fi sauran. Da Fasto ya tambayi dattawan ikilisiya ko akwai wanda ya ga hanyar da Kirista zai yarda a zubar da ciki, babu wanda ya gani, har da ni. Duk muka ɗaga hannu cewa ba a yarda ba. Abin da ke cikin Keziah rai ne. Haka na yi imani tun ina koyarwa a sakandare, kuma tsufa bai canza mini ra'ayi ba. Haƙuri da mutane kawai ya rage mini.

Keziah matar wani manomi ce daga wajen Kanya, mai suna Godswill. 'Yan bindiga suka kwashe ta a gona tare da wasu mata, ta yi damina a daji, aka sako ta da ciki. Mijin ya kawo ta Zuru wurin gwaggonsa a unguwar Rikoto. Ya ce ba sakinta ya yi ba, amma ba zai iya kallon cikin nan yana girma a ɗakinsa ba. Gwaggon kuwa ta san wani mai kemis a wani gari da ke gama irin wannan aiki cikin sirri. Keziah ta tsorata, ta je ta gaya wa matar Fasto. Ta haka maganar ta iso gabanmu.

Dattijo Kefas ne ya fi kowa daɗewa a tsaye. Yana neman kansila a lokacin, muryarsa ta riga ta saba da lasifika. Ya ce ƙasa ta lalace, ya ce dole duniya ta ji matsayin ikilisiya, a rubuta sanarwa a karanta a rediyo.

Na ce, "Kafin duniya ta ji, ina yarinyar za ta kwana? Gwaggon ta ce in ba a cire ba, ta bar mata gida."

Nan kowa ya tuna da gidansa. Kefas yana da 'yan mata da suka isa aure, bai kamata su riƙa ganin irin wannan ba. Gidan Fasto na ikilisiya ne, baƙi na zuwa. Wani ya ce danginsa da suka gudo daga ƙauye sun cika masa ko'ina har rumfar awaki. Shi wannan gaskiya ya faɗa, na san gidan.

"Ɗakin Gladys yana nan," na ce. Tun da na binne matata babu mai kwana a ciki. 'Ya'yanmu suna Kaduna, suna gaishe ni ta waya.

Kefas ya gyara zama. "Malam Ebenezer, kai fa gwauro ne."

"Na sani. Ina wurin jana'izar."

"Matar aure a gidan namijin da ba shi da mata. Me mutane za su ce?"

"Za su ce ta sami wurin kwana."

"Ba wasa muke ba, Malam."

"Abin da kuke tsoron a yi mata an riga an yi, Dattijo, kuma ba a gidana aka yi ba."

Fasto yaro ne mai kirki, ba ya son ganin tsofaffi suna cacar baki. Shi ya samo mafita. Ɗakina da littattafaina ke ciki yana bakin titi, ƙofarsa kuma tana kallon tsakar gida. A toshe ta da bulo, a fasa wata ta titi. Gida ɗaya ya zama biyu ke nan. Duk fuskoki suka saki. Kefas ya rufe taro da doguwar addu'a, inda ya gode wa Allah da ya ba ikilisiya hikima. Siminti dai ni na sayo.

Sai da magini ya ɗora bulo na ƙarshe na tuna makewayi yana ta cikin gida. Maƙwabcina Jibo, dillalin shanu, yana zaune a kan dakalinsa yana kallon aikin tun safe.

"Malam, wa ake tsoro a nan, kai ko ita?"

"Dattawa."

"To. Namu makewayin yana bayan turke. Ka riƙa gyaran murya dai, matata Asiya ba ta ji sosai."

Keziah ta zo da ƙunshin kaya ɗaya da tukunya. Siririya ce, cikin ne kawai ya fito. Ta durƙusa a bakin titi za ta yi godiya, na ce ta tashi, ƙasa da sanyi. Na miƙa mata mabuɗi, na kwatanta mata inda Gladys ke ajiye turmi, tunda ba zan iya shiga in nuna mata ba.

Ran Lahadi bayan sujada dattawa suka zo duba bango. Suka shiga tsakar gida a jere, suka wuce Keziah tana tsince wake, suka tsaya gaban bulo. Fasto ne kaɗai ya tambaye ta jiki. Daga nan suka zagayo ta titi su gani ta wajena. Kefas ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ɗaga kai, ya hango 'yar kafa da magini ya bari ƙarƙashin kwano saboda iska.

"Ta ƙaramar kafa Shaiɗan ke shigowa," in ji shi.

"In zai hau can da irin gwiwoyina, ku bar shi ya shiga, ya sha wahala."

Babu wanda ya yi dariya sai Jibo daga dakalinsa. Aka amince da bangon.

An karanta sanarwar a rediyo. Na saurara. Babu kalmar da zan ce ƙarya ce a ciki, kuma babu sunan wanda zai kai yarinyar awo. Saloma, shugabar zumuntar mata, ita ta ɗauki wannan ba tare da an yi taro ba. Takan zo da gari da kuka, ta zauna ta yi ta labarin ciwon bayanta har Keziah ta ci abinci. Godswill ya aiko da buhun dawa ta hannun wani direba. Shi bai zo ba.

Da rana, in gari ya yi tsit, nakan ji kukan Keziah. Bulo ba ya tare sauti. Ba kuka mai ƙarfi ba, irin na wanda ya koyi yi a inda ake duka in an ji. Na yi shekaru ina karatu, na san abin da malaman tauhidi suka ce game da wahala, kuma babu ko ɗaya da zan iya faɗa wa wannan yarinya ban ji kunya ba. Sai na fara karatu da ƙarfi. Duk abin da hannuna ya kai: tarihi, kiwon kaji, tsohuwar jarida. Don dai ta san akwai mutum.

Wata rana ina tsakiyar wani babi kan cutar masara, ta yi magana.

"Baba."

"Na'am, 'yata."

"In na haife shi na kasa kallonsa fa?"

Na rufe littafin. Na san amsar da Kefas zai bayar, na san ta Fasto, na kuma san su biyun ba za su kasance a nan ba ranar.

"Sai ki zagayo da shi ta titi ki miƙo mini, ki koma ki kwanta. Ban iya goyo ba, amma na iya zama wuri ɗaya."

"Gobe kuma?"

"Ki sake kawo shi."

Na ɗauka ta koma ɗaki. Can na ji ta ja kujera kusa da bangon.

"Ba ka da wani ban da na masarar nan?"

Na tashi a hankali, na shiga dubawa.