Siminti Mai Gumi

Baba yana da 'ya'ya mata biyu, ni Gaylene da ƙanwata Marlys, yana kuma da koriyar motarsa Buick ta 1968, kuma kowa a garinmu ya san wadda ya fi lallaɓawa a cikinmu uku. Duk ƙarshen Oktoba, kafin a fara watsa gishiri a titi saboda ƙanƙara, sai ya wanke ta, ya cika tanki, ya ƙara wa tayoyi iska, ya lulluɓe ta sai watan Mayu.

Bana gwiwoyinsa suka ƙi hawa bene, ya sayar da gidansa, ya ce zai kama ɗaki a gidan tsofaffi. Motar kuwa dole ta yi hunturu a garejin ɗayarmu.

Na Marlys sabo ne fil, da na'urar ɗumama, ƙasan an shafe shi da fenti yana sheƙi kamar faranti. Mijinta Duane ba ya gajiya da nuna wa baƙi. Nawa tsohon siminti ne duk tsaga. Amma ni ke kai Baba asibiti, ni ke yanke masa farce. Marlys sai Lahadi take leƙowa da kek ɗin kanti, ta sumbace shi a goshi, shi kuma ya yi ta washe baki. Kishi nake yi, ba zan ɓoye ba, kuma na rantse motar nan a wajena za ta zauna.

Baba ya ce zai gwada ƙasan kowa. Ya durƙusa da ƙyar a garejina, ya shimfiɗa 'yar leda, ya manne gefunanta da salatif.

"Jibi zan dawo," in ji shi. "In siminti na gumi, raɓa za ta taru a ƙarƙashi. Danshin nan shi ke sa tsatsa ta cinye cikin mota."

"Kar ka wahalar da gwiwarka, Baba," Marlys ta ce tana dariya. "Garejin Gaylene ai ko kwaɗi sai su tare."

Ranar da zai dawo, da safe na duba. Raɓa ce jingim a ƙasan ledar. Na ɓamɓare ta, na goge, na ɗauko abin busar da gashina na gasa wajen har ya yi fari, na mayar da salatif yadda yake. Ina naɗe wayar abin busarwar ke nan na ji kukan Buick a ƙofar gida, Baba da Marlys da Duane a ciki.

Baba ya ɗaga ledar, a bushe ƙamas. Ya dafa ƙasan da tafin hannu, ya jima bai ɗauke ba.

"Ikon Allah! Simintinki har zazzaɓi yake yi a Oktoba?" Ya ɗago ya dube ni. "Gaylene, da hannuna na zuba shi shekarar da kika yi aure. Na san halinsa."

Ya miƙa wa Duane makullin motar. Kunya da baƙin ciki suka kama ni.

"Kullum Marlys!" na ce. "Tun muna yara, abu mai kyau duk nata ne!"

Baba ya ce wa Duane ya buɗe but, ya sauke masa akwatinsa da kwandon magunguna. Su Marlys suka shiga mota, Duane ya tayar.

"Gidan tsofaffin nan na fasa," in ji Baba. "Ɗakinki na baya fa, shi ma yana gumi?"

"A bushe yake," na ce da ƙyar.

"To ɗauko min akwatin."

Na sunkuya na ɗauka. Da na ɗago, Marlys ta sauke gilashi tana kallon akwatin a hannuna, dariyar ta ɗauke. Na san wannan kallon sarai, shekara hamsin ina yi mata shi.