Gadon Bakin Taga

Yara biyar suka mutu a ɗakin yara na asibiti cikin wata biyu, kuma dukansu sun fara samun sauƙi.

Iya mai shara ce ta fara ganewa, don ita ke goge ƙarƙashin gadaje. Duk yaron da ya fara cin abinci, sai babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta ce a mai da shi gadon bakin taga ya sha iska. Ta ja labule, ta yi masa allura, ta ƙulle ledar shararta da hannunta. Kafin azahar uwa na ihu. Iya ta ja bakinta ta tsuke. Sista ce ta samo mata aikin, kuma wa zai saurari mai tsintsiya?

Sai aka kwantar da jikan Iya da zazzaɓi. Kwana uku ya tashi zaune yana neman shayi. Sista ta shafa kansa.

"Kai, mijina ya warke! Iya, anjima a mai da min shi bakin taga."

Iya ta tari likita a baranda, ta faɗa masa rabi.

"Iya, ke da tsintsiya kika karanta likitanci? Je ki, ana jirana."

Ta koma. Sista na haɗa allura a teburinta. Iya ta cire wa yaron robar ƙarin ruwa, ta goya shi, ta bi ta ƙofar masu wanki.

'Yarta, uwar yaron, ta biyo ta da gudu. "Inna, kin haukace ne? Ba a sallame shi ba!"

"Rufa min baki ki tari mota."

Washegari ta dawo aiki ta tarar ana naɗe katifar bakin taga. Yarinyar gadon kusa da na jikanta aka mayar can, 'yar shekara huɗu, ita ma ta rasu.

A ranar Iya ta je wurin 'yan sanda. Aka binciki jakar Sista, aka tafi da ita.

A bakin asibiti uwar yarinyar ta tsare Iya.

"Iya, tun yaushe kika sani?"

"Tun na uku."

Matar ba ta zage ta ba, kallonta kawai ta yi. Asibiti ya kori Iya saboda shirun da ta yi. Jikan yana nan lafiya, har ya shiga makaranta, amma Iya ba ta iya ɗaukarsa. In ya zo da gudu sai ta ce bayanta na ciwo.