Hannun Mai Aski

Baba mai aski ne. A ƙofar shagonsa santsin ruwan sabulu ya kwashe shi, ya dafa ƙasa da hannun dama. Ni ce autarsa, kuma a asibiti nake aiki: in karanta abin da likita ya rubuta, in ba kowane ciwo lambarsa a kwamfuta. A gida kuwa cewa ake yi, "Ai Auta akawu ce kawai."

Ni na kai shi asibitinmu aka ɗauki hoton ƙashi. Likitar ta danna gefen gwiwar hannun, ta ce ya juyo tafinsa sama. Baba, wanda ban taɓa jin wayyo a bakinsa ba, ya ce wayyo. Ta nuna mana hoton. Kan ƙashin da ke juya tafin hannu ne ya tsage, dab da gwiwa, amma bai goce ba.

"Ba sai an yi ɗori ba," in ji ta. "A rataya hannun 'yan kwanaki, sannan ya fara motsa shi, ko da zafi. In ya daɗe a ɗaure, gwiwar za ta sandare."

Da na faɗa a gida, Mama ta riƙe haɓa.

"Karaya ce za a ce a motsa? Anya likitar nan ta gama karatunta?"

Yayanmu, wanda ke son Baba kamar ransa, ya samo filanki biyu da bandeji, ya ɗaure hannun tamau. Mama ta hana Baba ɗaukar ko kofi. Na yi bayani, na yi magiya, har faɗa na yi.

"Ke lamba kike bugawa," in ji Yaya, "ba ƙashi kike haɗawa ba."

Rannan na faki idonsu na kwance bandejin. Mama ta shigo ta gani, ta fashe da kuka, wai zan nakasa mata miji. Baba ya miƙa mata hannun ta mayar da ɗaurin.

"Bar su, Auta," ya ce. "Hankalinsu ya fi kwanciya haka."

Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu mugu ko ɗaya a cikinsu da zan tsana.

Sai da wata biyu ya kusa suka yarda aka koma asibiti. Likitar ta kama hannun ta lanƙwasa, ya tsaya a rabin hanya. Ta juya tafin, ya ƙi.

"Ƙashin ya haɗe tsaf," ta ce. "Gwiwar ce ta ƙi. Za mu gwada gashin ƙashi, amma a shekarunsa ba zan yi muku alkawari ba."

Da rana fayil ɗinsa ya iso teburina cikin na sauran mutane. Na buga lambar karayar da ta warke lafiya, na buga ta gwiwar da ta sandare a ƙasanta. Kwamfuta ta karɓa ba musu.

Washegari da safe na tarar da Baba gaban madubi, kumfa a fuska, reza a hannun dama. Ya ɗaga, ya sunkuyo da kai, ya sake ɗagawa. Rezar ba ta kai gemun ba. Kumfar har ta fara bushewa.

"Auta, kira mini mai askin kan kwana."

Mutumin da Baba ya shekara yana kira mai yankan ciyawa.

"In ce ya taho da kayansa?"

Ya daɗe yana duban rezar, sannan ya goge ta a tawul ya ninke.

"A'a. Ki ce ya zo kawai. Ga tawa, ta fi tasa."