Gajeriyar Ƙofar Soro

Gidan kakan Daudu yana bayan Gwiwa, a kan tudu, gonar gero ta kewaye shi. Tsohon ya yi dagaci tun farkon zuwan Turawa, ya mutu ya bar wani soro wanda ko a tsakiyar bazara cikinsa sanyi kamar randa. Da arzikin fetur ya shigo, 'yan birni suka fara marmarin ƙauye, sai ya zama duk mai aurar da 'ya da ke son a san yana da asali, a soron nan yake son a yi walima. Daudu ne ke riƙe da gidan. Shi ke sa a yi yaɓe bayan damina, shi ke shimfiɗa tabarmi ranar taro.

Sai dai ƙofar soron gajeriya ce. Da gangan kakan ya sa aka yi ta haka, don duk mai shigowa ya sunkuya, ko yana so ko ba ya so.

Wata Laraba sai ga Alhaji Mamuda, taubashin Daudu, ɗan kwangila a Kano, a cikin sabuwar Marsandi. Zai aurar da 'yarsa Asma'u, kuma yana so a ɗaga ƙofar da kamu guda kafin ranar. Baƙinsa manya ne, masu dogayen huluna, bai ga dalilin da za su shigo a duƙe kamar masu neman allura ba. Daudu ya ce ƙofar tana koya wa mutane ƙanƙan da kai, kuma babu wanda ya fi 'yan kwangila bukatar karatun. Mamuda ya tuna masa cewa mahaifiyarsa 'yar gidan ce, shi ma yana da ta cewa.

"To ji nan, bawana," in ji Mamuda. "Na bar ta har ranar biki. Amma hula ɗaya ta faɗi a ƙofar nan, washegari magina za ka gani."

Daudu ya shiga cikin gida yana ba matarsa Tasalla labari, yana jira a yaba masa. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Malam, kai yaushe rabonka da sunkuyawa a ƙofar?"

Daudu gajere ne. Tun yana yaro har ya yi furfura, a miƙe yake wucewa, har da sauran fili a sama.

Maganar ta hana shi sakat. A gona, a masallaci, ita yake juyawa. Kakan ya gina ƙofar ne don a rusuna masa, ai wannan girman kai ne. Mamuda yana so a fasa ta don kada abokansa su rusuna, shi ma girman kai ne. To shi kuma fa, da ke wa'azin sunkuyawa da bayan wasu? Daga ƙarshe ya yanke cewa ba zai ɗora wa baƙo abin da bai ɗora wa kansa ba. Ya buɗe adaka ya ciro rawanin kakan, ya sa aka naɗa masa shi ranar biki, tiƙeƙe, har ya kusa kamo Mamuda a tsawo.

Motoci suka cika gindin tudu. Daudu ya tsaya a gefe yana kallon huluna. Ashe mutanen Kano sun ƙware. Shiga mota da fita ta koya musu: kowa ya dafe hula, ya karkata kafaɗa, ya shige sumul. Ko hula ɗaya ba ta motsa ba.

Da kowa ya zauna, Daudu ya gyara riga, ya nufi ƙofar cike da murna, da irin tafiyar da ƙafarsa ta saba. Azarar sama ta tare rawanin. Rawanin ya zube baya, ya warware, ya gangara har bakin tabarmar masu abinci. Daudu ya tsinci kansa a tsakiyar soro da sanƙo a fili, ana ta tari ana duban rufi.

Mamuda ne ya fita ya tattaro rawanin, ya karkaɗe, ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai gaisuwar sarki. Daudu ya karɓa, ya ce a hankali, magana dai magana ce, abu ya faɗi a ƙofa, yaushe maginan za su zo?

"Magina?" Mamuda yana share hawayen dariya da hannun riga. "Ƙofar da ta yi mini wannan aiki? Bawana, ko kai ka taɓa ta, sai mun je gaban alƙali."