Lambar da Inna Ke Jira

Inna ba ta yi karatun boko ba, amma a lambar mota ba mai yi mata wayo. Haruffa ukun nan na farko, waɗanda ke nuna yankin da aka yi wa mota rajista, ta san na yankinmu kamar yunwar cikinta. Baba ne ya koya mata, shi da ya ƙare rayuwarsa a bayan sitiyari yana jigilar fasinja.

Ina ƙaramin ɗan firamare Baba ya fita wata safiya bai dawo ba. Babbar mota ce ta ci musu hanya a wata kwana. Inna ta share hawayenta ta riƙe mu da keken ɗinki, ni da Yaya, har muka zama mutane. Sai da tsufa ya kama ta sannan ranar nan ta dawo ta zauna mata a kai. Ta manta an kawo gawa, ta manta mun yi kuka. Abin da ta sani kawai, ya fita kuma yana hanya. Ta ja kujera bakin tagar da ke kallon titi, kowace mota ta gifta sai ta leƙa ta karanta lambarta, ta girgiza kai.

Gidan kuwa ya gaji. Rufi na yoyo, bangon ɗakin girki ya tsage har kana hango bayan gida. Ranar da maƙwabciya ta tarar da tukunya ta ƙone ƙurmus a kan risho, Inna na bakin taga ko a jikinta, likita ya ce zaman kaɗaici ya ƙare mata. Na gyara mata ɗaki a gidana na birni. Matata har labule ta ɗinka. Saura ɗauko ta, kuma a nan aka yi ta.

Na zo da motar haya, ta leƙa ta ce, “Wannan ba ta gida ba ce.” Mijin Yaya ya kawo tasa mai sanyi, ita ma ta ƙi ƙememe. Na yi lallashi, na yi faɗa, ni da ba a raba ni da saurin fushi. Ta dube ni tsaf ta ce, “Auta, in ya zo ya tarar ba na nan fa?” Na fita tsakar gida na yi ta zagaye kamar kazar da ke neman wurin ƙwai.

Dama ina shirin sayen mota. Da ta iso, kujeru da ledarsu, dillalin ya ce zai fitar mini da lambar birni nan da nan. Na ce ta yankinmu nake so. Ya yi dariya har da buga cinya.

“Maigida, mutane na gudun lambar nan kar a ce musu ’yan ƙauye, kai kana nemanta? To sai ka kai motar can da kanka, su gan ta da idonsu. Kuma sai kana da adireshi a yankin.”

Adireshi kam akwai, gidan da ke shirin rufta wa uwata.

Ofishin rajistar yankinmu yana gefen tsohuwar tasha. Tun da sabon titi ya kauce wa garin, tashar ta mutu, ofishin kuma yana bin ta a hankali. Benci biyu, fanka mai juyi kamar ana roƙonta, taga guda a buɗe cikin huɗu. Ma’aikaci ɗaya na tarar, wani dogo da ake kira Tabarau. Ya fito ya ɗaga murfin inji, ya goge lambar shasi da ke jikin ƙarfen motar da babban yatsa, ya gwada ta da takarduna, ya ce in shigo in zauna.

Ina zama idona ya sauka a bangon da ke bayansa. Lambobin mota ne an kafe su da ƙusa tun daga kusa da ƙasa har rufi, duk da haruffanmu. Wasu sun lanƙwashe, wasu wuta ta lashe su, wasu rabi ne kawai.

“Na motocin da suka mutu ne,” in ji Tabarau, bai ko ɗago ba. “In mota ta tashi aiki, nan ake dawo da lambarta. Mun rasa wurin ajiya, shi ne wanda na gada ya fara kafewa.”

Ban neme ta ba, wallahi. Ita ta same ni. Tana can sama kusa da makunnin fanka, kusurwarta ta hagu a naɗe kamar kunnen littafi. Ni nake wanke ta da tsumma kowace safiya kafin in tafi makaranta, Baba na tsaye yana cewa in shiga lungun lambobin da kyau. Na rantse na ji warin man da yake shafa wa kujerunsa.

“Waccan ta mahaifina ce,” na ce.

Tabarau ya juya ya dube ta, ya dube ni. “Allah ya jiƙansa. Ta daɗe a nan, ai ta koma cikin waɗanda za a iya sake bayarwa. In kana so sai a buga maka sabuwa da lambar. Amma ba na tallata su. Mutane ba sa son lambar da ta taɓa kwana a kan titi.”

Haruffa kawai na zo nema. Na fita na kira Yaya, na gaya mata abin da na gani.

“Auta, karɓi ta Baban,” ta ce. “In haruffa ne kaɗai, cewa za ta yi motar maƙwabta ce. Ka san halin tsohuwarka.”

“Yaya, yaudara ce fa.”

“Rufin da zai faɗo mata shi ne gaskiya? Karɓa, don Allah.”

Na koma na ce a buga.

Ranar da lambar ta fito, ni na ɗaura ta da hannuna a ƙofar ofishin. Fara tas, ba lanƙwasa, ba tsatsa, kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Da na miƙe na ja baya na kalli motar, sai na ji ba tawa ba ce, aro aka ba ni. A hanya na yi ta duba madubi, ban san wa nake tsammanin gani a kujerar baya ba.

Na karyo kwanar layinmu da hantsi. Tana bakin taga. Ban yi niyyar danna hon ba, hannuna ne ya yi, gajere sannan dogo, irin na Baba in ya dawo. Na ga ta sunkuyo tana karantawa, leɓɓanta na motsi, harafi bayan harafi, lamba bayan lamba. Sai tagar ta zama wayam.

Kafin in kashe inji ta fito. Matar da sai an riƙe ta take tsallake dokin ƙofa, ga ta tana tafiya da ƙafarta, ta yafa mayafinta na unguwa, jaka a hammata. Ta kulle gidan da kanta. Ba ta tambayi ina za mu ba. Ta buɗe gidan gaba ta zauna, ta gyara zaninta, ta sunkuyar da kai tana murmushi irin wanda ban taɓa gani a fuskarta ba.

“Malam, ka daɗe,” ta ce.

Haka take kiran Baba. Na buɗe baki in ce Inna ni ne, sai na tuna bangon nan da ya tsage da tukunyar da ta ƙone. In na faɗa, za ta sauka.

“Hanya ce ba kyau,” na ce.

“Na sani. Na ce musu kana tafe, suka mai da ni mahaukaciya.” Ta shafa ledar kujera. “Ka yi mata sabon fenti. Mu biya makaranta mu ɗauki Auta, kar a tashi ya yi ta jira. Yaron nan akwai zuciya, yanzu sai ya kama kuka.”

Na sa giya. Muka wuce ta gaban makarantar, na ce mata ba a tashi ba tukuna, za a kawo shi. Ta yarda. Duk abin da Malam ya faɗa ta yarda da shi.

Yanzu tana gidana. Ɗakinta ba yoyo, tana cin abinci, har ta yi ƙiba. Yaya ta ce dabararmu ta yi, ni kuwa ban taɓa jin maraici irin na yanzu ba, ko ranar da aka kawo Baba. In na dawo daga aiki ta tare ni da ruwa, ta ce sannu da hanya Malam, in amsa. Na taɓa gwada shigowa da ƙafa, na bar motar a bakin titi, ko za ta gane ni. Ta gaishe ni da Malam, ta tambayi ina motar.

Labulen da matata ta ɗinka kullum a ɗage yake. Inna ta ja kujera bakin taga. Ba ta karanta lambobi yanzu, yara masu kayan makaranta take kallo, ɗaya bayan ɗaya, tana girgiza kai. Jiya na tsaya a bayanta har suka gama wucewa. Ta juyo, idonta cike da ƙwalla.

“Malam, har yanzu Auta bai dawo ba.”

Na ce mata yana hanya.